Wace ce Mavis Beacon, kuma wa ya yi manhajarta?

'Yar'uwa, kin tambaya ko matar nan Mavis Beacon da muka koyi buga rubutu a kwamfuta da manhajarta tana raye, da kuma kamfanin da ya yi ta. To sai dai ki yi haƙuri, babu wata Mavis. Ni kaina na yi shekara biyu ina koyarwa da ita a wata cibiyar koyon kwamfuta a Kano kafin in sani, har ina ce wa ɗalibai gwanar taifin ce ta Amurka.

Kamfanin The Software Toolworks na Kalifoniya, wanda Walt Bilofsky ya kafa a 1980, shi ya fitar da manhajar a 1987. Hoton da ke jikin kwalin na wata 'yar asalin Haiti ne, da suka gani tana sayar da turare a wani kanti. Sunan kuwa ƙirƙirar shi suka yi. Kuma dabarar ta ci, don ɗalibi ya fi jin kunyar malama a kan na'ura. Na sha ganin yaro ya ɗora yatsu a kan maɓallan F da J, na rufe masa hannu da hankici don kada ya leƙa, yana gumi a wasan tseren motar nan da ƙwaro ke fashewa a gilashi duk sanda ya yi kuskure. Ana tsaka da haka a ɗauke wuta, ajin ya kaure da salati.

Shi kamfanin kuwa ya sha hannu. A 1994 kamfanin Pearson na Ingila ya saye shi kan dala miliyan 462, aka koma kiransa Mindscape. Shekara huɗu kacal aka sayar wa The Learning Company a kan miliyan 150. Sai Mattel, masu 'yartsanar Barbie, suka haɗiye The Learning Company a 1999 kan sama da dala biliyan 3. Nan aka yi faɗuwar baƙar tasa: asara ta yi yawa har shugabar Mattel, Jill Barad, ta sauka a 2000, Mattel ya rabu da The Learning Company a shekarar ba tare da an karɓi kuɗi a hannu ba, sai alkawarin kaso daga riba.

Mu dai a nan ba mu san ana yi ba. Faifanmu kwafi ne, guda ɗaya muka sa wa kwamfutoci goma sha biyu.