Tambayi Ungozoma: Takardar da Aka Ba Matata a Wurin Awo

Tambaya: Assalamu alaikum Mama. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Matata na da ciki wata bakwai, na uku ke nan. Ranar Talatar da ta wuce ta je awo, sai wata ma'aikaciya ta ja ta gefe ta ba ta takarda mai shafi huɗu. Ta ce ana wani bincike ne a kan matan da ke haihuwa a asibiti, za a rubuta yadda haihuwarta ta kasance, a auna jininta, a kuma riƙa kiran ta a waya har ta yi arba'in. Aka ce ta zo gida ta yi shawara. Da mahaifiyata ta ji, sai ta ce atafau ba za a yi gwaji da surukarta ba, ba ta manta da abin da aka yi wa yaran Kano ba. Ni kuwa kaina ya kulle. A haihuwarta ta biyu ta zubar da jini har sai da aka ƙara mata leda biyu, ina tsoron in mun ƙi ma'aikatan su juya mana baya ranar da muke buƙatarsu. Mama, ina mafita?
Baban Khadija, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Baban Khadija. Allah ya raba su lafiya. Ka gaishe min da Hajiya, ka ce mata ban ga laifinta ba ko kaɗan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake.

Abin da take tunawa ya faru. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta ɗauki dubban rayuka a Arewa, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Kano. Yara kusan 200 aka sa a ciki, rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Iyaye suka ce ba a gaya musu cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta, ya ce cutar ce ta yi wannan ɓarnar. Aka yi ta shari'a har 2009, aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Mu da muke cikin aikin mun sha ɗacin abin, domin da aka zo ƙin rigakafin shan inna a 2003, wannan labarin na cikin abin da ake jefa mana a ƙofar gida.

To amma ka duba abin da ke hannunka. An ba matarka takarda, an ce ta tafi gida ta yi shawara. Wannan shi ne ainihin abin da iyayen yaran Kano suka ce ba a yi musu ba. Tun 2007 ƙasar nan take da rubutacciyar ƙa'idar binciken lafiya, da kwamiti na ƙasa da ke sa ido a kanta, kuma ba a yarda a fara bincike a kan mutane ba sai kwamitin ɗa'a ya karanta tsarin ya amince.

Bari in ba ka labarin da ya sa nake girmama irin wannan bincike. Ina shekara ta uku da fara aiki, wani dare na damina, aka kawo wata mata haihuwa ta biyar. Ta sauka lafiya, mabiyiya ta faɗo, jariri na ta tsala kuka. Na duba zanin da ke ƙarƙashinta, atamfa ce mai duhu, na ce a raina jinin bai kai na tashin hankali ba. Na wuce wurin wata mai naƙuda. Da na dawo sai ta ce min a hankali, "Nas, ƙishirwa nake ji, kuma ɗakin nan juyawa yake." Na ja fatar idonta, fari fat. Tafin hannunta sanyi ƙalau. Da muka ɗaga ta, ashe jinin ya bi ta gefen leda, katifa ta shanye shi. Allah ya sa da sauran kwananta a gaba, ƙanin mijinta ya ba da jini kafin asuba. Har yau in na tuna muryarta sai gabana ya faɗi. Ba sakaci na yi niyya ba, abin da aka koya min na yi: in duba da ido in kimanta.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A jinin haihuwa kam, bai sani ba. Kuma ba mu gane girman kuskurenmu ba sai da aka zauna aka ƙirga. Wani bincike da ake kira E-MOTIVE, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2023, ya bi haihuwar mata fiye da 200,000 a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Wadda ta jagoranci ɓangaren Najeriya 'yar Arewa ce, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero. Abin da aka gwada ba wani abu ba ne mai tsada. Leda ce da ake shimfiɗa wa mai haihuwa, tana da aljihu mai zanen ma'auni, jini ya taru a ciki ana gani. Da zarar ya kai rabin lita, wato cikin ledar fiya wata ɗaya, ba a jira. A lokaci guda ake murza mahaifa, a yi allurar da ke sa ta tsuke, a yi allurar tsayar da jini, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa, maimakon a gwada ɗaya a tsaya a ga ko zai yi.

A asibitocin da suka ci gaba da yadda aka saba, kusan rabin matan da ke zubar da jini fiye da ƙima ba a gane su ba. Inda aka yi amfani da ledar, an gano fiye da 90 cikin 100. Waɗanda abin ya kai su ga zubar da lita guda ko fiye, ko tiyata, ko rasa rai saboda jinin, sun ragu daga 43 zuwa 16 cikin kowace mata 1,000. Ni da na yi shekaru ina duba zani da ido, da na karanta wannan sai da na yi shiru na tsawon lokaci.

Ita ma allurar tsayar da jinin, taraneksamik, ta wannan hanyar aka tabbatar da ita. Mata 20,060 ne a ƙasashe 21 suka shiga bincikenta, da yawansu 'yan Najeriya. A 2017 aka gano cewa in an yi ta cikin awa 3 da haihuwa, mutuwa ta dalilin zubar jini na raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku, in kuma an wuce wannan lokacin amfanin ya tafi. A wannan shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abin da take ba da shawara a yi. Idan matarka ta sake zubar da jini, Allah ya kiyaye, aka yi mata wannan allura da wuri, to albarkacin wasu mata ne da ba ta taɓa gani ba.

Yanzu ga abin da nake so ka bambance. Bincike iri biyu ne. Akwai wanda sa ido kawai ake yi: ba a canza wa mara lafiya komai, ana rubuta abin da ya faru ne, a bi ta a ji yadda ta ƙare. Yadda ka kwatanta, na matarka ya yi kama da wannan, kuma kiran waya har arba'in yana da dalili, domin akwai matsalolin da sai an koma gida ana wankan jego suke fitowa, asibiti ba ya jin labarinsu. Akwai kuma wanda ake gwada magani ko wata dabara. A nan ƙuri'a ake jefawa, kwamfuta ta raba mutane gida biyu, don kada likita ya zaɓi masu ƙarfi ya ba su sabon magani sannan ya ce maganin ne ya yi aiki.

Ba zan ɓoye maka ba, na biyun yana da haɗari. Daga 2009 zuwa 2011 an yi wani a Yuganda, Kenya da Tanzaniya da yara fiye da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani. Likitoci sun daɗe da yarda cewa ɗura wa irin waɗannan yara ruwa da sauri ta jijiya ceto ne. Sai ƙirga ta nuna waɗanda aka yi wa hakan sun fi mutuwa. Kwamitin da ke duba alƙaluma ya tsayar da binciken kafin lokacinsa. Yaran da aka rasa 'ya'yan mutane ne. Amma da ba a ƙirga ba, da an ci gaba da yi da kyakkyawar niyya.

Don haka ka koma tare da ita, in Hajiya za ta yarda ku tafi da ita ma. Ku ce a karanta muku takardar da Hausa, layi bayan layi, haƙƙinku ne. Ku tambaya kai tsaye: akwai maganin da za a ba ta ko a hana ta saboda wannan bincike? In akwai, NAFDAC ta amince? Wane kwamitin ɗa'a ne ya sa hannu, ina lambar wayarsa? In wani abu ya same ta, wa zai ɗauki nauyin magani? Wa zai ga sunanta? Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya fara gaggauta ku, ko ya ce "ku dai sa hannu kawai", ku miƙa masa takardarsa.

Tsoron da kake yi na juya baya kuwa, ka kwantar da hankalinka. A ƙa'ida ƙin shiga ba ya rage mata komai daga kulawar da ta cancanta, kuma ko ta sa hannu yau, gobe tana iya cewa ta fasa ba tare da ta ba da dalili ba. Nemi wannan maganar a cikin takardar, ya kamata ka same ta a rubuce. In wani ya nuna muku akasin haka, ku kai ƙara wurin shugabar ɗakin haihuwa.

Abu ɗaya zan roƙe ka, ɗana. Shawararka da ta Hajiya suna da nauyi, amma jikin nata ne, sa hannun ma nata ne. Ka tambaye ta abin da ranta yake so lokacin da kuke ku biyu. Sannan ko ta shiga ko ba ta shiga ba, macen da ta taɓa zubar da jini tana iya sakewa. Kada ta haihu a gida. Ta dage da shan ƙwayar ƙarin jini, a rubuta a katinta cewa an taɓa ƙara mata leda biyu, kai kuma tun yanzu ka nemi mutum biyu cikin dangi da za su iya ba da jini, ka ajiye lambar mai mota da za ka iya tasa da tsakar dare.

Tambaya: Mama, barka da aiki. Na yarda aka sa ɗana a wani bincike na zazzaɓin cizon sauro. Duk zuwa sai sun ɗebi jininsa su ba ni kuɗin mota. Maƙwabta na cewa sayar da jinin suke yi.
Maman Sadiƙ, Daura.

Amsa: 'Yata, ki dubi 'yar kwalbar da suke zuba jinin. Yawanci ba ta wuce cikin ƙaramin cokalin shayi ba, wani lokacin ma ɗigo ne daga yatsa. Ledar jinin da ake ƙara wa babban mutum kusan rabin lita ce, ba wanda za a ƙara wa cokali ɗaya. Kuɗin motar kuma na wahalar zuwanki ne, ba farashin jinin Sadiƙ ba. Abin da ya kamata ki tambaya shi ne me suke dubawa a ciki, za a adana ragowar ne ko za a zubar, kuma za a kai shi wani gari ko wata ƙasa. In sun auna yawan jininsa, ki ce su faɗa miki sakamakon, a rubuta miki a katinsa ki tafi da shi gida.