Jirgin Ruwa Ba Ya Jiran Biza

Wata 'yar'uwa mai aikin kula da tsofaffi a Manchesta ta rubuto mini hankali tashe. Ta biya kuɗin yawon shaƙatawa a jirgin ruwa: a tashi daga Southampton ta Ingila, a yada zango a Lisbon ta Fotugal, a leƙa Kasabalanka, a tsaya sau biyu a tsibiran Kanari na Sifaniya, a dawo. Saura mako 5, sai yanzu ta gano cewa izinin zamanta na Ingila ba ya shigar da mai fasfon Najeriya ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, ciki har da Fotugal da Sifaniya. Ta nemi ranar ganawar neman biza ba ta samu ba. Wani ejan a WhatsApp ya ce zai samo mata rana, kuma tunda asusunta ya rame saboda ta tura abin da ta tara gida don lefen yayanta, zai zuba mata kuɗi na kwana biyu a ciro takardar banki, sannan ya kwashe abinsa.

Ƙanwata, ki goge lambar mutumin nan tun kafin ki gama karanta wannan amsa.

Mai duba takardunki ba jimillar da ke ƙasan shafi yake kallo ba. Watannin baya yake bi layi-layi: albashi ya shigo, haya ta fita, kuɗin bas, cefane, sai kwatsam ga dubban fam sun faɗo daga sunan da ba a sani ba ana jibi ganawa. Kullum irin wannan suke gani. Na taɓa zama da wani matashi da ya bi wannan hanya, ya ajiye mini takardar ƙin biza a kan tebur yana juya ta, ejan ɗin kuwa ya riga ya toshe lambarsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ƙin da aka yi maka yana shiga rumbun bayanan da duk ƙasashen Shengen ke dubawa, ya zauna shekara 5. Abin da ya fi tayar mini da hankali a kanki shi ne fom ɗin sabunta bizar Ingila yana tambaya ko wata ƙasa ta taɓa hana ki biza. Kada yawon 'yan kwanaki ya taɓa miki zaman da kika sha wuya kafin ki samu.

Lokaci ya matse, amma bai ƙure ba. A ƙa'ida kwana 15 ake yi kafin a ba da amsa, ko da yake yana iya kaiwa 45, kuma ana so a shigar da takardu aƙalla kwana 15 kafin tafiya. Sifaniya za ki nema, don a nan kika fi tsayawa, ba ƙasar da ejan ya ce ta fi sauƙi ba. Ki riƙa leƙa shafin cibiyar karɓar takardunsu da kanki, da asuba da dare, domin masu fasawa suna sakin ranaku. Kuɗin biza yuro 90 ne, ga inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin magani na aƙalla yuro 30,000. Ki kula da wannan sosai: Kasabalanka a Maroko take, wajen Shengen. Kina barin Lisbon kin fita ke nan, shiga Kanari shiga ta biyu ce. Bizar shiga sau ɗaya ba za ta yi miki ba. Maganar Maroko kanta ki tambayi kamfanin jirgin, su ba ki amsa a rubuce. Kuma kada wani ya ce miki ai sai ki yi zamanki cikin jirgi in an tsaya. A bakin tasha ake duba fasfo, wanda takardunsa ba su cika ba a nan ake barinsa da akwatinsa.

Batun asusu, ki kai gaskiyarki: takardun albashi, wasiƙar wurin aiki mai nuna hutunki, da rasit ɗin jirgin da ya nuna an riga an biya ɗaki da abinci.

Sai maganar gida. Kin ce Hajiya ta kira tafiyar almubazzaranci, yayanki kuma yana jiran cikon kuɗin akwatuna. Hajiya uwa ce, ki lallashe ta, kada ki ɗaga mata murya, kuma abin da kike aika mata duk wata kada ya tsaya. Amma lefe nauyin ango ne. Namijin da ya isa aure ya isa ya yi akwatuna daidai ƙarfinsa, ba daidai ƙarfin ƙanwar da ke kwana tsaye tana juya tsofaffi a gado ba. Wannan turawar ce ta kai ki hannun ejan. Ki gaya wa Yaya, cikin ladabi, cewa abin da kika bayar shi ke nan.

Gobe da safe ki kira kamfanin jirgin ki ji nawa ne ɗage tafiyar zuwa wani wata, don tarar fasawa ƙaruwa take yi in ranar tashi ta matso. In mako ya zagayo ba ki samu ranar ganawa ba, ki ɗage.