Sirdin dattijo mai ciwon kwatangwalo

Ka ce wani dattijo ya aiko a yi masa sirdi, amosanin gaɓɓai ya kama masa kwatangwalo, kana tambaya ko ka ƙara masa zubka, wato shimfiɗar sirdi, da auduga don wurin zama ya yi laushi. Kada ka soma. Ku yaran yanzu da kun ji an ce ciwo sai ku ruga neman laushi, ba wanda zai tsaya ya tambayi inda ciwon yake.

Mai wannan ciwo ba ɗuwawunsa ne ke damunsa ba. Gaɓar da kan ƙashin cinya ke juyawa a cikinta ce ta goge, shi ya sa buɗe ƙafa da murɗa ta ke yi masa wuya, zafin kuma a matsematsi yake jin sa, wani lokaci har gwiwa. Duk abin da ka cusa a ƙarƙashin cinyarsa ƙara wage masa ƙafafu ka yi. Wurin da za ka sa ido shi ne ƙuncin mazauni daf da bayan kwacciyar gaba, wato tudun da ke gaban sirdi, inda cinyoyi ke sauka. Nan ake rage kauri daga sama, a kwantar da gefen ya gangara sannu a hankali, kada a bar ɗinki ko kullin fata. Amma kada ka kuskura ka matse itacen sirdin daga ƙasa don mahayi ya ji daɗi. Ƙasan sirdi na doki ne. In ka matse shi zai cije kafaɗa, gyambo ya fito, daga baya farin gashi. Ka bar rata ta yatsu uku tsakanin kwacciyar gaba da ƙashin bayan doki bayan an ja majayi, wato ɗamarar da ke ɗaure sirdi ta cikin doki, mutum kuma yana kai.

Wannan tambaya taka ta tono mini wani abu da har yau yake ci mini rai. Wani mai kula da bargar wani babban mutum, dattijo mai irin wannan ciwo, ya zo da siririn doki, aka auna, aka yi sirdi daidai da ciwon maigidansa, fata mai kyau, aikin da ba na jin kunyar nuna wa kowa. Ya ba da rabin kuɗi. Ranar hawan sallah sai ya ɗaura sirdin a kan wani ingarma mai faɗin haƙarƙari, wai ya fi kwarjini, ya jibga zubka uku, ya rufa jalala, wato mayafin adon sirdi, mai kauri a kai. Dattijon ya wuni a haka cikin rana, da yamma sai da aka sauko da shi a hannu. Maimakon ya faɗi abin da ya yi, sai ya ce wa maigidansa sirdin ne ba shi da kyau. Cikon kuɗi bai zo ba, sirdin ma bai dawo ba, ga shi can ɗan gidan yana sukuwa da shi. Asarar kuɗin da sauƙi a kan ɓata sunan da aka yi mini a gaban mutumin da nake ganin girmansa. Saboda haka ka ga dokin da za a hau da idonka, kuma ka faɗa a gaban shaida cewa in an sauya doki, awo ya tashi. Faɗin cikin doki ya fi komai wage ƙafar mahayi, ba sirdin da zai gyara wannan.

Sai likkafa. In ta yi gajarta gwiwa za ta tashi, gaɓar ta lanƙwashe ta matse. In ta yi tsawo da yawa zai riƙa miƙa ƙafa yana nemanta. Ka zaunar da mahayin a kan sirdi, ya saki ƙafafunsa, ka sa ƙasan likkafa daidai idon sawu, daga nan ka ƙara ko ka rage kaɗan kaɗan har ya ce ya ji daidai. Fatar likkafa kuwa ka jiƙa ta, ka murɗa, ka zura sanda ta cikin likkafun biyu ta kwana a haka, yadda bakin likkafa zai fuskanci gaba da kansa. In ba haka ba, ƙafarsa ce za ta riƙa yin murɗar, kuma a kwatangwalo za ta ƙare.

Kwacciyar baya irin tamu doguwa ce, tana tallafar baya, amma ɗaga ƙafa a tsallake ta azaba ce ga mai ciwon nan. Ka rage mata tsayi gwargwadon yadda ƙafarsa ke iya tashi, a kuma tanadar masa dakali ko turmi da zai taka, wani ya danne ɗaya likkafar kada sirdi ya zame. In ɓangaren da ya saba hawa ne mai ciwon, a koya wa dokin karɓar mahayi ta ɗaya gefen.

Bayan ya zaga, cire sirdi ka duba gumi a bayan doki. Mai ciwon gefe ɗaya yakan karkata ya sauke nauyinsa a kan lafiyayyen ɓangare, za ka ga gashin can ya fi kwanciya. Kada ka cika zubka a gefe guda don ka daidaita shi, sirdin ne zai karkace, doki ya sha wuya. In kuwa an taɓa yi masa aikin sauya gaɓar, kada ka ɗora wuƙa a kan fata sai likitan ƙashinsa ya yarda ya hau.