Takardar nan ba ta kora ba ce Malam, ta ƙwayar aidin ce, ka karɓo fasfonka

Wani ɗan'uwanmu da ke zaune a arewacin Faransa kusa da Dunkerque ya rubuto min cikin tashin hankali. Yana aiki a wani sito, katin zamansa ya ƙare yana riƙe da resepise, wato takardar wucin gadi da ake ba mai jiran kati, yana jiran sabo, sai ga takarda ta shigo akwatin wasiƙarsa da tambarin prefe, wakilin gwamnati a yankin, a jiki, duk faransanci mai nauyi, kalmar da ya iya kamawa kawai ita ce "évacuation". Ya kai wa wani mai "gyaran takardu" a cikin 'yan uwanmu, shi kuma ya ce masa ai wannan shirin fitar da shi ne daga ƙasar, ya kawo kuɗi da fasfo a rufe maganar, kuma har ɗan'uwan namu ya ba da fasfon. Ga Yayansa daga gida yana cewa kar ya kuskura ya leƙa ofishin gwamnati, kuma kar ya bar matarsa ta shiga ajin koyon faransanci, wai mace in ta waye a Turai ta fi ƙarfin miji. Ya turo min hoton takardar yana tambaya ko ya gudu wani gari.

Malam, da farko ka kwantar da hankalinka, na karanta hoton daga sama har ƙasa, babu sunanka a matsayin wanda ake tuhuma, babu lambarka ta baƙo, babu komai da ya shafi zamanka. Wannan takarda ce da ake raba wa mutanen da ke zaune kusa da tashar nukiliya ta Gravelines, baƙo da ɗan ƙasa duk ɗaya, maƙwabcinka Bafaranshe ma irinta ya samu. Abin da ya ruɗa ka shi ne a Faransa prefe ɗin da ke sa hannu a katin zama shi ne dai yake da alhakin ba da umarni in wani hatsari ya faru a yankinsa, don haka tambarin iri ɗaya ne, kuma wallahi na fahimci yadda gaban mutum zai faɗi in yana riƙe da resepise ya ga wannan tambarin tare da kalmar fitarwa. Amma fitarwar da suke nufi ita ce kwashe jama'ar unguwa gaba ɗaya zuwa wuri mai aminci in iska ta gurɓata, ba kai kaɗai ba, kuma ba zuwa filin jirgi ba.

Shi wannan mutumin da ya karɓi fasfonka ya san haka sarai. In ya iya faransancin da yake taƙama da shi to ya karanta ya gane ya yi maka ƙarya da gangan, in kuma bai iya ba to me yake gyarawa? Yau ɗin nan ka je ka karɓo fasfonka, ka tafi da mutum biyu da yake jin nauyinsu, kar ka yi faɗa kar ka ba shi ko sisi, ka ce ka fasa kawai. In ya fara kawo uzuri cewa fasfon yana wajen "oga" ko yana wani ofis, ka gaya masa a fili za ka kai ƙara wajen 'yan sanda, kuma ka kai ɗin, resepise ɗinka takardar zama ce halastacciya ba ka da abin ɓoyewa. Na ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Akwai wanda aka riƙe masa fasfo har ranar karɓar katinsa ta wuce, akwai wata baiwar Allah da aka ɗauki hoton takardunta aka buɗe layin waya da bashi da sunanta, sai wasiƙun masu bin bashi ta fara gani. Duk da irin wannan ƙaramar takardar aka fara, wadda da an samu mai tsoron Allah ya karanta musu cikin minti biyar da shikenan. Takardar da ta shafi zamanka da gaske za ka gan ta da cikakken sunanka da lambarka, da ranakun da aka ba ka na ɗaukaka ƙara, kuma ko irin wannan ce ta zo, lauya ake nema ko ƙungiya irin La Cimade da ke duba wa baƙi takardu kyauta, ba mai ofis a cikin aljihu ba.

Toh yanzu ita kanta takardar, don ba ta jefarwa ba ce. Gravelines tana da tukwanen nukiliya shida, tana cikin mafi girma a Turai, kamfanin EDF ke tafiyar da ita. Kowace tasha a Faransa tana da tsarin ko-ta-kwana da suke kira PPI, da can iyakarsa kilomita 10 ne daga tashar, bayan hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan a 2011 gwamnati ta yanke a 2016 a faɗaɗa shi zuwa kilomita 20, shi ya sa garuruwa da yawa da a da ba ruwansu suka shigo ciki aka fara raba musu ƙwayar aidin a 2019. Ƙwayar kyauta ce, a famasin da ke cikin tsarin ake karɓa, ka tafi da takardar da wata shaidar adireshi kamar ta kuɗin wuta ko ta haya, ka faɗi adadin mutanen gidanka. Mai famasi ba jami'in shige da fice ba ne, abin da ya dame shi mutum nawa ne a gidan. Duk wanda ya ce ka biya shi ya karɓo maka, ko ya ce yana sayarwa a intanet, ɓarawo ne.

Amfaninta guda ɗaya ne tak kuma ina so ka riƙe shi da kyau. In tasha ta samu matsala tana iya fitar da wani nau'in aidin mai guba cikin iska, shi kuma jikin mutum yana tara aidin ne a halittar nan ta gaban wuya wadda in ta kumbura ake cewa maƙoƙo, ba ta bambance mai kyau da mai guba. In ka sha ƙwayar a kan lokaci sai ta cika da mai kyau, mai gubar ya zo bai samu wurin zama ba. Bayan hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl na 1986 dubban waɗanda suke yara a lokacin sun kamu da kansar wannan wurin, shi ya sa yara da masu ciki da masu shayarwa su ne a sahun gaba. Amma ba ta kare sauran jiki, ba ta maganin sauran gubar, kuma ba a shanta don an ji tsoro ko don wani ya turo murya a WhatsApp, sai prefe ya ba da umarni, domin aikinta na 'yan sa'o'i ne kafin iskar ta iso ko jim kaɗan bayan ta iso, wanda ya sha tun kwana uku kafin nan ya yi asararta. Ƙwayar da ake rabawa mai miligiram 65 ce, babba da duk wanda ya wuce shekara 12 guda biyu, yaro daga shekara 3 zuwa 12 guda ɗaya, daga wata ɗaya zuwa shekara 3 rabi, jaririn da bai kai wata ba kwata. Ka sa mai famasi ya rubuta maka a jikin kwalin da lambobi manya, sunan kowane yaro da nasa. In akwai mai ciwon maƙoƙo a gidan a tambayi likita tun yanzu ana zaune lafiya. Kuma dan Allah aidin ɗin wanke ciwo ba a shansa, gishiri mai aidin ma ba ya maye gurbinta.

Ka rubuta cewa ka ji kunyar kanka da ka kasa karanta takarda ɗaya bayan shekarun da ka yi a ƙasar. Ni ban yarda kunyar taka ce ba. Takardar da aka rubuta don ceton rai kamata ya yi wanda ya dawo aiki a gajiye, ko tsohuwar da idonta ya yi rauni, ko baƙon da faransancinsa na wurin aiki ne kawai, ya gane ta a karatu ɗaya, amma sai ka ga an cika ta da gajerun sunaye irin PPI da CLI ba bayani, jimla ɗaya ta cinye layi huɗu, abin da ake so ka yi yana can ƙasa bayan an gama jera sunayen hukumomi. Su kansu Faransawa da yawa ba sa gane "mise à l'abri" daidai, wasu suna ɗauka gudu ake nufi alhali ana nufin ka shige gini ka rufe. Kuma ba wai ba su san hanyar sauƙaƙawa ba, suna da salon rubutu da suke kira FALC, wato mai sauƙin karantawa da ganewa, gajerun jimloli da hotuna. Don haka in ka je ofishin magajin gari ka tambaya ko suna da bayanin a wannan salon, ka kuma nemi DICRIM, littafin da gari ke fitarwa kan haɗurran da ke kewaye da shi, ka roƙi wani ya zauna ya nuna maka a taswira kilomita nawa ke tsakanin gidanka da tashar da inda ake taruwa in an ce a fita. Haƙƙinka ne ka tambaya. Ita CLI ɗin nan ma hukuma ce da aka kafa a kowace tasha don ta yi wa mazauna bayani, tana taron jama'a, in 'yan uwa biyar suka je suka ce ba ma gane takardunku a sauƙaƙa mana, ya fi a zauna ana ƙorafi a ɗaki.

Abin da ake so ku yi bai da yawa. Jiniyar gaske tana kuka tana hawa tana sauka na minti 1 da daƙiƙa 41, ta yi shiru kaɗan, har sau uku. Wadda kake ji ranar Laraba ta farkon wata wajen tsakar rana gwaji ce, sau ɗaya take yi. Kar ka dogara da jiniya kaɗai tunda wanda ke nesa da ita ba lallai ya ji ba, tun 2022 akwai FR-Alert da ke shigowa waya kai tsaye da ƙara mai ƙarfi ba tare da an yi rajista ba. In ya zo a shiga gini, mota ba mafaka ba ce, a rufe ƙofa da taga, a kashe na'urar nan mai zuƙar iska ta kicin da banɗaki da suke kira VMC, ka nemi inda makashinta yake tun yau, a kunna rediyon yankin, a rage kiran waya don layi ya samu ga masu ceto. Wanda ya fi wuya a zuciyar iyaye shi ne kar a je ɗauko yara a makaranta, makarantu suna da nasu tsarin kuma malamai za su tsare su a ciki, uwar da ta fito da gudu ta shaƙi iskar ita da na goye ta kuma fito da wanda yake a killace.

Nan ne maganar Yaya ta shigo, kuma zan faɗa maka gaskiya ko da ba daɗi. Yaya yana da girmansa, shi ya riƙe gida kana nesa, ba na ce ka ɗaga masa murya ba. Amma ba shi ne zai kasance a ɗakin nan ba ranar da waya za ta yi ƙara kana sito tsakiyar aiki, iyalinka ce, ita kaɗai da ƙaramin yaro, saƙo ya shigo da yaren da aka hana ta koya. Me za ta yi? Za ta kira ka layi a cushe, za ta buɗe taga ta leƙa ta ga me ke faruwa, za ta saɓi yaro ta nufi makaranta, duk abin da aka ce kar a yi shi za ta yi, ba don rashin hankali ba sai don an rufe mata ƙofar sani. Wanda ya kawo 'yar mutane ƙasar da ba ta jin magana sannan ya hana ta koyo, amanar da ya ɗauka a gaban iyayenta bai riƙe ta ba, kuma kai za a tambaya ba Yaya ba. Auren da ilimin mace zai rushe dama can ba a kan ƙauna da mutunci aka gina shi ba, kuma ni mafi yawan gidajen da na ga sun watse a nan na waɗanda aka kulle ne har zuciyarsu ta cika, ba na waɗanda aka bari suka je aji ba. Ka sa ta a ajin, cibiyoyin unguwa da ƙungiyoyi suna koyarwa kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma ita ma in ta zo sabunta nata katin ana iya duba faransancinta. In Yaya ya kira ka ce masa hukuma ce ta wajabta, kuma lafiyar 'ya'yansa ce kake karewa, ka tsaya a nan, ba sai ka yi ta neman yardarsa ba. Haka maganarsa ta kar ka je ofishin gwamnati, tsoro ne na mai ƙaunarka wanda bai san ƙasar ba, mai resepise da ke ɓuya shi ke jawo wa kansa, don wasiƙa za ta wuce shi bai sani ba.

Batun gudu wani gari kuwa ban ba ka shawara ba. Faransa tana da tukwanen nukiliya sama da 50 a warwatse, hatsari babba abu ne mai wuyar faruwa, kuma barin aiki da canza adireshi kana tsakiyar sabunta kati na iya mayar da fayil ɗinka wata prefektir, wato ofishin wani prefe, ya ƙara maka watanni. Kafin ajin ya fara, ku zauna da iyali ka rubuta mata matakan nan da Hausa a takarda ɗaya ku manna a bayan ƙofa, ka nuna mata kalmomi uku da za ta nema a saƙo, "abri" a shiga ciki, "iode" a sha ƙwaya, "évacuation" a fita, ku haɗa ƙaramar jaka da fasfo da resepise da carte Vitale, wato katin inshorar lafiya, da littafin lafiyar yara da magungunan da ake sha kullum da caja, ƙwayar kuma a ajiye ta inda ita ta sani yara ba sa kaiwa. In mutumin nan ya ƙi ba da fasfon ka sake rubuto min da gaggawa in gaya maka yadda ake shigar da ƙarar da abin da za ka kai ofishin jakadanci.