Wa ya kula da bayin da aka 'yanta a Arewa zamanin Turawa?

Tambaya: Malam, an koya mana cewa Turawa ne suka hana bauta a Arewacin Najeriya. To bayan an hana, akwai hukumar da ta ɗauki nauyin ci da sha da matsugunin waɗannan bayi? (Wani ɗalibi daga Zariya)

Amsa: An yi kulawar, amma ba ta taka kara ta karya ba, kuma galibi yara ta shafa.

Ka fara sanin cewa dokar Gwamna Lugga ta 1901 ba ta saki kowa da kowa ba. Ta hana kama bayi da cinikinsu, ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne. Bautar kanta sai 1936 aka soke ta ɗungurungum.

Lugga na tsoron kada bayi su watse daga rinji, wato ƙauyen bayi masu noma, gandayen sarakuna da attajirai su koma saura, alhali da sarakunan yake mulki. Saboda haka wanda ya gudu ba a ba shi gona, ana ma iya kama shi da laifin zaman banza. Hanyar da aka bar masa ita ce gaban alƙali: a yanka masa kuɗin fansa, ya yi ta neman kuɗi da guminsa yana biyan ubangijinsa kaɗan-kaɗan, in ya kammala a ba shi takardar 'yanci. Mata da yawa kuwa wani namiji ne ke biya musu, ya aure su. A ganina wannan ba kulawar gwamnati ba ce, bawa ne ya sayi kansa, hukuma ta sa hannu.

Inda gwamnati ta kashe kuɗinta shi ne gidajen 'yantattun bayi na Zungeru da Borno. Can ake kai yaran da aka ƙwace a hanya daga hannun masu safarar bayi, waɗanda ƙuruciya ta sa ba su san sunan garinsu ba. Da yawa suna isowa a rame, wasu ba sa tashi. Waɗanda suka rayu ana koya musu wanki da ɗinki da aikin kafinta, 'yan mata a ba da su aikatau ko a aurar da su.

Wannan ma bai ɗore ba. A 1909 aka miƙa yaran Zungeru ga 'yan mishan na Sudan United Mission, waɗanda suka buɗe musu gida a Rumaisha, kusa da kogin Binuwai.