Hukuncin Sa wa 'Ya Mace Suna Asiya, da Sunayen da Ake Tsinta a Alƙur'ani

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, Allah ya ba ni 'ya mace bayan maza uku. Ina son in mayar da sunan mahaifiyata Asiya, Allah ya jiƙanta, sai wani abokina ya ce Annabi ya hana wannan suna. Mai ɗakina kuma Afnan take so, ta ce a Alƙur'ani yake. Gwaggona tuni ta fara kiran jaririyar Kande. Wanne zan bi?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Allah ya raya ta, ya jiƙan mahaifiyarka.

Abokinka ya ji hadisi na gaskiya, sai dai ya ɗora shi a inda ba wurinsa ba. Muslim ya ruwaito cewa Sayyidina Umar yana da 'ya mai suna Asiya, Manzon Allah (SAW) ya mayar da ita Jamila. Amma sunaye biyu ne a Larabci, harshenmu da rubutun boko suka haɗe su. Wanda aka canja da harafin ainun yake farawa, da sadun a tsakiya, ma'anarsa mai saɓo. Na mahaifiyarka da alif yake farawa, da sinun, sunan matar Fir'auna ke nan, wadda ta roƙi Allah ya gina mata gida a wurinsa cikin Aljanna, kamar yadda ya zo a Suratut Tahrim aya ta 11. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi ya ambace ta tare da Maryam 'yar Imrana a matsayin matan da suka kai kamala. Duk Bahaushen da ya raɗa wa 'yarsa Asiya wannan baiwar Allah yake nufi. Sunan halal ne, mai kyau, kuma mayar da sunan mahaifiya yana cikin kyautata mata bayan ranta.

Abin da Shari'a take dubawa a suna shi ne ma'ana. Ta hana wanda ke nuna bauta ga wanin Allah, ta ƙi mai munin ma'ana, ta kuma ƙi wanda ke tsarkake mai shi. Zainab 'yar Jahshi da Juwairiyya duk Barra ne sunansu na farko, wato mai yawan biyayya ga Allah, Annabi ya canja musu. Ban da waɗannan, ƙofa a buɗe take.

Afnan yana Suratur Rahman aya ta 48, jam'i ne na reshe, ana siffanta rassan itatuwan Aljanna. Babu laifi a cikinsa, haka Tasnim da Salsabil, maɓuɓɓugai ne na Aljanna. Sai dai hujjar da mai ɗakinka ta kawo tana buƙatar gyara, kuma nan ne nake jin tsoro ga iyayen yanzu. Kasancewar kalma a Alƙur'ani bai mayar da ita sunan kirki ba. Hawiya tana Alƙur'ani, sunan wuta ce. Zanim yana Suratul Ƙalam, zargi ne mai tsanani ga wani kafiri. Duka biyun suna da daɗin faɗi ga wanda bai san Larabci ba. Na sha zama a wurin raɗin suna da sassafe, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ana zagayawa da goro da dabino, uba ya sunkuyo ya raɗa wa liman wata kalma da aka tsinto a waya, liman ya tambaye shi ma'anarta, ya yi shiru. A irin wannan lokaci gyara yana da wuya, rago yana ɗaure, mata suna jiran a shigo musu da labari. Tambayar tun kwana biyu ko uku da haihuwa ya kamata a yi ta, wurin wanda ya san harshen.

Ni dai, in aka nemi shawarata, sunayen da ke da mutum a bayansu na fi so. Asalin kalmar Khadija jaririyar da aka haifa kafin lokacinta ce, Fatima kuma daga yaye take. Matan da suka ɗauke su ne suka ba su nauyi, har muka yi Hadiza da Dije, muka yi Binta da Fati. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da aka haifa masa tagwaye a 1793 ya sa wa namijin Hassan, macen kuma ya ba ta sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar. Ita ce Nana Asma'u da ta karantar da matan ƙasar nan har rasuwarta a 1864. Yarinyar da ta tambayi uwarta wace ce mai sunanta, aka zaunar da ita aka ba ta labarin Asiya, an fara yi mata tarbiyya ke nan.

Kande kuwa laƙabi ne na macen da ta biyo maza, kamar Delu, kamar yadda ake kiran haifaffiyar Juma'a Jummai, ta Asabar Asabe. Ba sharaɗi ba ne suna ya zama na Larabci. Maryam da Saratu da Hajara ma asalinsu ba Larabci ba ne. Ka bar gwaggonka ta kira jikarta yadda take so.

In aka saɓa, haƙƙin raɗa suna na uba ne, haka Ibnul Ƙayyim ya bayyana, domin ga uba ake jingina ɗa. Amma kada ka manta matar Imrana ce da bakinta ta ce ta sa wa 'yarta suna Maryam, a Ali Imrana aya ta 36. Uwar da ta yi wata tara da ciki tana da bakin magana. Al'adarmu ma ta kawo muku sauƙi: yarinyar da ta ci sunan kakarta ba a kiran sunan a gida saboda kunya, sai an nemo na alkunya. Ka yanka rago ran bakwai da sunan Asiya, a riƙa kiranta Afnan.

Wallahu a'alamu.