Katin barka da sallah na hannu: me za a saya, me za a bari a shago

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, katin gaisuwa da ake haɗawa da hannu, to bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Wata uwa daga Kano ta ce: "Anti ina so yarana su yi wa kakanninsu katin barka da sallah da hannunsu, mun gwada da farar takardar fotokofi amma da mun sa gam sai ta jiƙe ta tattare, kuma ko tsayuwa ba ta yi. Wace takarda zan saya?"

'Yar uwa ba laifin yaran ba ne, takardar ce ba ta aikin ba. Ki duba jikin ledar rim ɗin za ki ga an rubuta 80gsm, wato nauyin takardar kenan, giram 80 a kowace murabba'in mita, wannan ta rubutu ce kawai. Kati yana son daga 200 zuwa 300. Ki je wajen masu sayar da kayan makaranta, in a Kano kike kasuwar Sabon Gari ba za ki rasa ba, ki ce a ba ki kwali mai kauri, irin wanda ake buga katin biki da shi, ba wannan kwalin mai laushi da malaman firamare ke zana jadawali a kai ba, shi ma yana yi in babu yadda za a yi amma yana saurin lanƙwashewa. Kada ki tsaya jin bayanin mai shago, ki riƙe gefen kwalin da yatsa biyu ki ɗaga, in ya sunkuyar da kai ki ajiye masa abinsa. Sannan ki guji mai sheƙi ɗin nan mai santsi, a ido ya fi kyau amma biro ba ya zama a kansa, tawadar alƙalamin maka kuma sai ta yi ta gogewa a hannun yara har ta ɓata musu kayan sallah.

Maganar girma kuma, nan ne mutane ke wahalar da kansu, sai an gama kati tsaf sannan a fara yawon neman ambulan ɗin da zai shiga. Fara da ambulan. Kwali girman A4 in kika raba shi biyu kin samu A5 guda biyu, kowanne ki ninke shi biyu ya zama A6, milimita 105 da 148, shi ne ke shiga ambulan C6 cif-cif. Kinga A4 ɗaya kati biyu kenan ba asarar ko ƙyalle. In babba kike so na Hajiya kaka wanda za ta jingina a kan talabijin kowa ya gani, ki ninke A4 ɗin gaba ɗaya ki nemi ambulan C5.

Ninkin ma da dabararsa. Kwali mai kauri in kika ninke shi haka kawai da hannu bayan zai tsattsage ya yi fari-fari. Ki samo biron da tawadarsa ta ƙare, ki ɗora rula a tsakiya ki ja layi da ɗan ƙarfi sau biyu, sai ki ninke a kan layin ki bi da bayan cokali ki danne. Kuma kafin ki yanka ki ɗan lanƙwasa kwalin ta tsawo da ta faɗi, za ki ji ɓangare ɗaya ya fi saurin bi, to ta nan ninkinki zai bi, ya fi fita sumul.

Wata kuma daga Maraɗi ta ce mijinta tela ne, guntayen atamfa da shadda da leshi buhu-buhu ake zubarwa, tana so ta liƙa a kati amma ba ta san gam ɗin da ya dace ba, wai wata ta ce mata sufa gulu.

Haba ƙanwata, sufa gulu da yadi? Zai ratsa ya yi tabo baƙi-baƙi, yadin ya sandare, ga shi ya haɗe miki yatsu, in da yara a wajen ma kada ya shigo ɗakin. Farin gam na kafintoci kike so, irin su Top Bond, wanda in ya bushe yake zama garau ba a ganinsa. Amma ba a matsa shi a kan yadi, a kan kwalin ake shafawa siriri da guntun kwali ko tsohon katin waya, ki bari ya ɗan sha iska ya fara danƙo sannan ki ɗora yadin ki lallaɓa daga tsakiya zuwa gefe. Kafin nan ki goge ƙyallen da dutsen guga, in da hali ki ɗan sa masa sitaci ya tsaya, yankan zai fi fita kuma bakin ba zai yi ta zare ba. Da kin liƙa ki sa leda a kai ki danne da littattafai masu nauyi ya kwana, in ba haka ba da safe za ki tarar katin ya bankare. Lokacin hunturu gam na bushewa kafin ki juya, sai ki riƙa shafa kaɗan-kaɗan, da damina kuma ki ƙara masa kwana.

Ni a ganina ke ce kika fi kowa sa'a a cikin masu tambayar nan, don abin da wasu ke zuwa Kantin Kwari suna roƙon masu shago ke a gida kike share shi. Atamfa ta riga ta zo da zanenta, ki yanko fure ɗaya ko ganye ɗaya ki ɗora a tsakiyar farin kwali ki bar sauran wajen fili, ya wadatar. Shadda kuma ki yanka ta siffar 'yar babbar riga ko hula, ki ɗan yi mata aiki da zare da allura a wuya, wannan in aka ba wa Alhaji ko Baffa sai ya yi dariya ya sa a aljihu. Leshi mai duwatsu ne kaɗai farin gam ba ya riƙewa sosai, shi sai bindigar gam, ita kuma sai da wuta kuma tana ƙuna. Masu dama sitacin rogo su yi gam da shi, yana kamawa ba ƙarya, amma kyankyaso na sonsa, katin da za a adana a akwati ba na ba da shawara.

Tambaya ta uku daga wata ɗaliba a Zariya: "Anti ina son in fara sayar da kati, na ga injin yanka na Cricut a Instagram, in tara kuɗi in saya ko in haƙura?"

Ki haƙura tukuna. Injin yana da kyau, ba na kushe shi, amma yana son kwamfuta ko waya da intanet da wuta, wuƙarsa da tabarmarsa suna cinyewa kuma sai an yi odarsu, ke ko kwastoma goma ba ki da su tukuna. Abin da zai bambanta katinki da na yara shi ne yanka miƙaƙƙe da ninki mai tsabta, wannan kuwa rula ta ƙarfe da wuƙar reza mai karyawa sun isa, sai abin da za ki shimfiɗa a ƙasa don kada ki yanke teburin hostel. Rular roba reza na cinye gefenta, kwana biyu layinki ya karkace. Kuma ki riƙa karya bakin rezar da wuri, dakusasshiyar reza ita ke yaga kwali, mutane na tsumulmular reza suna asarar kwalin da ya fi ta tsada nesa ba kusa ba.

In kin iya zanen lalle kin riga kin yi rabin tafiya. Lallen kansa ba ya zama a takarda, bushewa yake ya ɓarɓashe, amma ki haɗa fentin akirilik da ɗan farin gam ki ɗura a leda irin yadda ake ɗura lalle ki zana, zai bushe ya taso ana jinsa da yatsa, ruwan gwal a kan kwali kore ko baƙi wallahi sai kin gani. Garin ƙyalƙyali kuwa ni dai ba na so, yana bin mutum har cikin tuwo. Wajen kuɗi ki lissafa kwali da gam da ambulan da ledar sakawa, ki ƙara lokacinki, don wanda ya ci miki awa ɗaya ba zai zama kuɗi ɗaya da na minti goma ba ko da kayan iri ɗaya ne. Ki bar aljihu ƙarami a ciki inda za a soka sabbin kuɗin goron sallah, yayye da kawunnai za su fi saya saboda wannan. Kuma ki gama haɗawa tun kafin goman ƙarshe na azumi, lokacin hankalin kowa ya koma kan tela da cincin.

Wani malamin Islamiyya daga Gusau ya tambaya ko ɗalibansa za su iya rubuta aya a katin, da kuma ko tawadar allo za ta yi.

Allah gafarta Malam, hukuncin ku ne masana, ni abin da na sani kati yana yawo, yau yana hannun kaka gobe jika ya ja shi ƙasa jibi an share, shi ya sa da yawa suke tsayawa a kan "Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana" da addu'a da Hausa. In aka rubuta da ajami ma ya fi armashi, tsofaffi da yawa shi suka fi saurin karantawa. Tawadar allo da alƙalamin kara suna ba da rubutu mai kyan da biro ba zai taɓa bayarwa ba, sai dai ƙaro ne ke riƙe ta kuma ruwa na narkar da shi, abin da ya sa ake iya wanke allo kenan, to hannu mai gumi zai iya dama rubutun, a bari ya bushe sosai a sa a ambulan. Ado kuma ba sai kun saya ba, ga zayyana irin ta allon sauka, ja da rawaya da kore, yara su zagaye gefen katin da ita, su fara ja da fensir da rula kafin su bi da kala.

Ta ƙarshe, wata daga Kaduna ta ce maƙwabciyarta Kirista ce, duk sallah sai ta aiko yara da gaisuwa, tana so ta rama da katin Kirsimeti amma ba ta san me za ta zana ba. Hajiya ai su suka riga mu a harkar, tun 1843 wani Henry Cole ya sa aka buga katin Kirsimeti a Landan don sayarwa, don haka za ta san darajarsa. Ba sai kin zana dusar ƙanƙara da ba wanda ya taɓa gani a Kaduna ba. Jan kwali ko kore, ki raba dankalin turawa biyu ki sassaƙa tauraro a jiki, ki goge ruwan da tsumma, ki shafa fenti siriri ki buga sau uku ko huɗu, ki fara gwadawa a tsohuwar jarida tukuna don bugun farko kullum yana cika fenti. A ciki ki rubuta "Barka da Kirsimeti" da sunan 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, ki aika yara su kai tun ranar 24 ga Disamba da yamma, don ranar 25 da sassafe sun tafi coci.